Matan Fada da Zaman Musulunci a Gidan Sarauta: Daga Tatar Zuwa Kano, Daga Kano Zuwa Zango



Bayan ƙaramar sallar da ta wuce, an kawo wata magana zauren dattijon da muke riƙe wa alƙalami. Wani ɗan unguwa ya rasu, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya uku. Matar 'yar ƙasa ce daga mutanen Ga, ta musulunta shekara goma sha huɗu da suka wuce, gab da ɗaurin aurenta. Da ta fita takaba, sai dangin mamaci suka zo suna neman a karɓe yaran a rarraba su gidajen baffanninsu. Ba su tuhume ta da wani laifi ba. Hujjarsu guda ce: tubabbiya ce, suna tsoron kada wata rana ta koma inda ta fito, ta tafi da jininsu coci. Dattijo ya saurari kowa, ya ɗage zaman zuwa mako biyu. Da jama'a suka watse sai ya dube mu ya ce, "Malam, tunda kana son littattafan tarihi, duba mana yadda manyan gidaje suka ƙare da irin wannan." Abin da muka tattaro masa ne muke shimfiɗawa a nan, domin maganar ta wuce gida ɗaya.

Marubutan tarihi sun saba ajiye ranar da sarki ya furta kalmar shahada, da sunan malamin da ya laƙƙana masa. Sai dai wanda ya bi labarin gidajen sarauta har zuwa 'ya'ya da jikoki zai ga cewa shahadar sarki buɗe ƙofa ce kurum. Zaman addinin a gidan, ko ficewarsa bayan an binne sarki, ana yanke shi ne a cikin gida, wurin matan da suka haifi magada suka rene su.

Mu fara da nesa. A shekarar 1220 rundunar Jankiz Khan, sarkin Mangol, waɗanda littattafanmu na Larabci ke kira Tatar, ta ci Bukhara ta ƙone ta. A 1258 jikansa Hulaku ya shiga Bagadaza, ya kashe Halifa Musta'asim, mulkin Abbasiyawa na shekara 500 a wannan birni ya zo ƙarshe. Musulmin wancan zamani sun ɗauka tashin duniya ne ya matso. Amma kafin a cika shekara 40, a 1295, tattaɓa-kunnen Hulaku mai suna Gazan ya musulunta, ya hau gadon mulkin Farisa da sunan Mahmud. Kafin ƙarni na 14 ya yi nisa, uku daga cikin manyan dauloli huɗu na zuriyar Jankiz sun shiga Musulunci. Wanda ya ci da takobi ya wayi gari yana salla a bayan wanda ya ci.

Ba za a gane yadda haka ta faru ba sai an san matsayin mace a wurinsu. Mangol makiyaya ne, fadarsu tana tafiya a kan amalanke. Kowace matar sarki, wadda suke kira Khatun, tana da sansaninta na kanta, mu ce zangonta, da garkenta da bayinta da fatakenta da kuɗin shigarta. A wannan zangon ake renon ɗan sarki, kuma malamin da Khatun ta buɗe wa ƙofa shi ne yaron zai tashi yana jin muryarsa. Idan sarki ya mutu, sau da yawa matarsa ke riƙe ƙasa har manya su taru su naɗa wani.

Mafi shahara a cikinsu ita ce Sorgaktani, matar Tolui ɗan Jankiz, mahaifiyar Monke da Kubilai da Hulaku. Kirista ce, kuma a kan Kiristanci ta mutu a 1252. Duk da haka marubucin tarihi Juwaini ya ruwaito cewa ta ba da curin azurfa 1,000 aka gina madarasa a Bukhara, garin da surukinta ya ƙone, aka sayi ƙauyuka aka yi wakafinsu domin ciyar da malamai da ɗalibai, aka ɗora Shehu Saifuddin Bakharzi a kan kula da ita. Wannan shehun ne Barka Khan, jikan Jankiz mai mulkin ƙasashen kogin Bolga daga 1257 zuwa 1266, ya je ya yi wa mubaya'a. Barka shi ne sarki na farko daga wannan gida da ya yi mulki yana Musulmi, shi ne kuma ya yaƙi ɗan'uwansa Hulaku, ya ƙulla zumunci da Sarki Baibaras na Masar. Jakadun Masar da suka je fadarsa sun koma da labarin cewa matan fada da manyan hakimai kowa yana da limaminsa da ladaninsa, yara kuma suna karatun Alƙur'ani. Dukiyar mace Kirista ce ta raya karatu a garin shehun da ya jawo gidan zuwa alƙibla.

A gidan Hulaku kuwa al'amarin ya ɗauki lokaci. Uwargidansa Dokuz Khatun Kirista ce, ana kafa mata coci na tanti a ƙofar sansaninta, kuma ranar da aka ci Bagadaza an bar Kiristocin birnin da ransu saboda darajarta. Ko da Gazan ya musulunta, abin da ya fara girgiza shi maganar mace ce. Al'adar Mangol ta ba ɗa damar gadon matan ubansa in ban da mahaifiyarsa, Gazan kuwa yana son Bulugan Khatun, wadda ubansa Argun ya bari. Aka gaya masa Suratun Nisa'i ta haramta wannan. Malaman tarihi na Masar da Sham sun ruwaito cewa saura ƙiris ya bar addinin, sai wani malami ya ba da fatawa cewa auren Argun ba a kan shari'a aka ɗaura shi ba, aka ɗaura wa Gazan aure da ita. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan fatawa, ta nuna inda tsohuwar al'ada da sabon addini suka fi yin karo, wato ɗakin aure. Ƙaninsa Uljaitu, wanda ya gaje shi a 1304, mahaifiyarsa Kirista ce, an yi masa baftisma da sunan Nikola, kuma an ruwaito cewa matarsa ce ta ja shi zuwa Musulunci. A 1323 jikar Hulaku, Ilkutlug Khatun 'yar Abaka, ta yi aikin hajji, tana rabon sadaka a Makka da Madina. Shekara ɗaya bayan haka, a 1324, Mansa Musa na Mali ya bi ta Alƙahira zuwa wannan Ɗaki mai alfarma.

Akwai kuma labarin da ya fi kama da tsoron dangin mamacinmu. Matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a sansanin Uzbak Khan, sarki Musulmi na kogin Bolga, a shekarun 1330. Ya ga yadda ran Juma'a sarki ke tarbar uwargidansa a bakin ƙofa, ya kama hannunta har ta zauna, a gaban jama'a. Ɗaya daga matan sarkin, Bayalun, 'yar sarkin Rum ce ta Kustantiniyya. Tana da ciki ta nemi izinin zuwa haihuwa gidan ubanta, Ibn Battuta ya shiga ayarinta. A cikin kayanta akwai masallaci na tanti da ake kafawa duk inda aka yada zango. Da aka isa kan iyakar ƙasar ubanta sai ta bar masallacin a nan, kiran salla ya tsaya, aka fara kawo mata giya da naman alade. Ba ta dawo tare da ayarin ba. An ba Bayalun tanti da ladan da suna, amma da ta sami sararin zaɓi sai ta koma ga abin da aka shuka mata tun tana ƙarama.

Wannan matafiyi shi ne gadar da za ta kawo mu gida. A 1352 ya iso Mali a zamanin Mansa Sulaiman, ya tarar da uwargidan sarki mai laƙabin Kasa abokiyar tarayyarsa ce a mulki, ana ambaton sunanta tare da nasa a kan mumbari. Da suka ɓata ya tsare ta, mutanen gari suka yi ta surutu, da abin ya tsananta kuma ta nemi mafaka a gidan limamin Juma'a. A 1353 ya sauka Takadda, a yammacin Agadas, ya ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin. A daidai waɗannan shekaru, bisa lissafin Tarihin Kano, Yaji ne ke sarautar Kano, daga 1349 zuwa 1385, kuma a zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali, su kimanin 40, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Suka umurce shi da salla ya karɓa, ya naɗa liman da ladan da alƙali, aka gina masallaci.

Shahadar Yaji ba ta ratsa gidan nan da nan ba. Ɗansa Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, da yaƙin Zazzau ya gagare shi, sai ya nemi shawarar masu tsafi, suka ce ya raya abin bautar da iyayensa suka rushe. Ya raya. Abin da uba ya ɗaura a fada, ɗa ya kwance a zamani ɗaya. Sarkin da ya biyo baya, Umaru, malami ne, har ya ajiye sarauta domin tsoron Allah. Gidan Bagauda ya shafe wajen shekara 100 yana kai da komowa tsakanin masallaci da tsohon gunki.

Mai karanta Tarihin Kano zai lura da wani abu: kusan kowane sarki, bayan sunansa da na ubansa, sai an ambaci sunan mahaifiyarsa. Marubucin ya san cewa 'ya'yan sarki da yawa uba ɗaya suke da shi, ɗaki ne ke bambanta su. A cikin waɗannan sunaye babu wanda ya kai na Auwa, wato Hauwa, wadda aka fi sani da Madaki Auwa, matar Muhammadu Rumfa.

Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya fara sallar idi a Shadakoko. A zamaninsa Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Shi ne kuma Tarihin Kano ya ce ya fara kulle. Wanda ya ji haka zai zaci daga nan muryar mace ta mutu a fada. Abin da ya biyo baya ya saɓa wa wannan zato. Ɗan Auwa, Abdullahi, ya gaji Rumfa daga 1499 zuwa 1509. Yana can wurin yaƙi da Katsina da Zazzau sai Dagaci, wani basarake ɗan asalin Barno mai ƙarfi a birni, ya shirya tawaye, kuma littafin ya ce Madaki Auwa ce ta hana fitinar tashi saboda girman tasirinta a Kano. Jikanta Muhammadu Kisoke ya yi sarauta daga 1509 zuwa 1565, yana tafiyar da gari tare da kakarsa Auwa da mahaifiyarsa Iya Lamis da Guli ɗan'uwan Auwa. A zamaninsa Shehu Tunus ya kawo littafin Ashafa na Alƙali Iyal, wani malami mai suna Abdussalami ya kawo Mudawwana da Jami'us Sagir. Sannan wani ɗan nata, Abubakar Kado, ya hau a 1565, kuma shi ne sarkin da ya sa 'ya'yan sarki suka zauna karatun Alƙur'ani.

A lissafa: mijinta, ɗanta, jikanta, da wani ɗan nata, shekara 110 daga hawan Rumfa zuwa saukar Abubakar Kado a 1573. A cikin wannan tsawon lokaci Musulunci ya tashi daga matsayin addinin baƙin malamai da sarki ke girmamawa, ya zama karatun da ake dora wa yaran gidan. Gurbin tsohuwar al'ada bai gushe gaba ɗaya ba, domin bayan haka ne aka yi Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, har zamanin Sarki Alwali. Amma tun daga ɗakin Auwa babu sarkin Kano da ya sake fita daga sunan Musulunci. Har yau mahaifiyar Sarkin Kano tana da sarautarta, Mai Babban Ɗaki.

Barno ta riga Kano a wannan. Can mahaifiyar Mai ana ce mata Magira, uwargidansa Gumsu. Littafin jerin sarakunansu ya ruwaito cewa a ƙarni na 12 Mai Biri ya sa an kashe ɓarawo a maimakon hukuncin da shari'a ta ajiye, sai mahaifiyarsa Fasama ta sa aka tsare shi. Sarki ya saɓa wa littafi, uwa ta hukunta sarki. Baka kuma ya riƙe sunan Aisa Kili, wadda ta riƙe gadon sarauta a ƙarni na 16 kafin Mai Idris Aloma ya hau.

Idan mace tana iya riƙe addini a fada, tana kuma iya tare masa hanya, kuma misalin wannan a ƙasarmu ta Gana yake. Sarkin Asante Osei Kwame, wanda ya hau a 1777, ya kusanci Musulmin Kumashi ƙwarai. Baturen Ingila Joseph Dupuis, da ya je Kumashi a 1820, ya ji daga bakin Musulmin garin cewa sarkin mumini ne a zuci, kuma kusancinsa da su na cikin dalilan da aka tuɓe shi. Wadda ta tsaya a gaban masu tuɓe shi, wajen shekarar 1800, ita ce Asantehema Konadu Yaadom. A Asante gadon sarauta ta tsatson mace yake bi, kujerar zinariya da jinin uwa su ne tushen mulki, manyan Kumashi kuwa sun ga cewa addinin da ke daidaita mutane a gaban Allah zai taɓa wannan tushe. Malamai sun ci gaba da zama a fadar Kumashi suna rubutu da addu'a, har yau akwai limamin fada, amma kujerar ba ta musulunta ba. An sami zuciyar sarki, ba a sami ɗakin uwar sarauta ba.

Wanda ya fi kowa gane wannan a ƙasar Hausa shi ne gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A Gobir sarakuna Musulmi ne tun da daɗewa, amma kusa da sarki akwai Inna, mace daga gidan sarauta, shugabar mata kuma uwar bori. Namiji yana zuwa masallaci, mace idan ɗanta ya yi zazzaɓi ko haihuwa ta yi gardama wurin 'yan bori take nufa, domin can ne ake sauraronta. Shehu ya soki maza, har da malamai, a littafinsa Nurul Albab, kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna koyar da ɗalibai a waje. Tun yana wa'azi a Zamfara aka zarge shi da barin mata suna halartar majalisinsa, ƙaninsa Abdullahi ya mayar da martani cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. Sarkin Gobir Nafata ma ya san inda ƙarfin yake, domin a cikin dokokin da ya kafa wa jama'ar Shehu, bayan hana maza rawani da hana musulunta ga wanda bai gada ba, ya hana mata lulluɓi.

An yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Takobi ya gama aikinsa, sai aka wayi gari gidajen Sakkwato da ƙauyukanta cike da matan da yaƙi ya kawo, masu sunan Musulunci ba tare da karatunsa ba, kuma su ne za su reni zuriya mai zuwa. A nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Gidado, ta ɗauki aikin da ya sa ake ambatonta har yau. Ta kafa 'yan taru. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga ƙauyuka, ta koyar da su, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle, irin alamar da aka san Innar Gobir da ita. Jaji takan jagoranci 'yan mata da tsofaffi zuwa wurin Asma'u, su koyi tauhidi da tsarki da salla da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci masu sauƙin haddacewa, su koma su koyar da na gida. Asma'u ba ta kori matan nan ba, ba ta ƙwace musu 'ya'ya ba. Ta ɗauki rigar shugabancin da suka saba girmamawa ta sa wa malama. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Yanzu mu dawo Ankara tamu. Hanyar goro ce ta fara kawo kakanninmu wannan yanki. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Abdullahi Burja, tsakanin 1438 da 1452. Daga baya Salaga ta zama babbar kasuwa, da yaƙin basasa ya watsa ta a 1892 fatake da malamai suka bazu zuwa Karaki da Kumashi da bakin teku. Wasu sun zo da aikin soja a rundunar da Turawa suka kira ta Hausa. Malam Nenu ya kafa zango a tsakiyar Ankara, ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, Malam Futa ya sauka Nima a shekarun 1930. Falke da soja ba kasafai suke tafiya da iyali ba. Da yawansu a nan suka yi aure, daga Ga da Fante da Dagwamba da Gurunshi da sauran ƙabilu. Duk wanda ke cikinmu ya bi salsalarsa ta wajen uwa, da wuya ya wuce kaka uku bai iske macen da ta shigo Musulunci ta ƙofar aure ba. Waɗannan mata su ne suka tashe mu sallar asuba, suka dafa koko da ƙosai da shinkafa da wake suka sayar suka biya kuɗin Laraba, suka kai mu makarantar allo da bulala a hannu. Wanda ya ce ɗan tubabbiya abin shakka ne, ya fara duba kakarsa.

Da mako biyu suka cika aka sake zama. Dattijo ya sa liman ya karanta hukuncin reno daga Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda dukanmu muka karanta muna yara: uwa ce ta fi cancanta da renon ɗanta namiji har ya balaga, da 'yarta har ta yi aure ta tare. Sannan ya tambayi matar abin da ta sani na addini. Ta karanta Fatiha da gajerun surori uku, ta ce babbar 'yarta ce ta koya mata daga abin da take ɗaukowa a makaranta. Ta ce a shekara goma sha huɗu an koya mata girkin tuwon zafi da ɗaurin kallabi da gaisuwar surukai, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata hukuncin rafkanuwa a salla ko wankan gawa, kuma kunya ta hana ta tambaya. Zaure ya yi tsit. Dattijo ya juya ga babban wan mamaci ya ce, "Alhaji, kun ji. Amana aka ba ku shekara goma sha huɗu, ba ku shayar da ita ba, yau kuna tsoron ta bushe."

An yanke cewa yara za su zauna wurin mahaifiyarsu, baffanni su ɗauki ci da sha da kuɗin makaranta, magajiyar unguwa kuma ta haɗa ta da malama da za ta riƙa zuwa mata gida sau biyu a mako. Dangin sun karɓa, wasu da daɗin rai, wasu don girman dattijo.

Tsoron da suka zo da shi ba wasa ba ne, mun ga labarin Bayalun. Amma maganinsa ba ya cikin raba uwa da 'ya'ya, domin yaron da aka ƙwace daga mahaifiyarsa da sunan addini yakan girma yana jin haushin waɗanda suka ƙwace shi da abin da suka ƙwace shi dominsa. Muna da masallatai a kowane lungu, muna da babban masallacin ƙasa a Kanda da aka buɗe a 2021, wanda Turkawa suka taimaka aka gina, su da kakanninsu suka fito daga makiyayar da Khatun-Khatun ɗin nan suka fito. Abin da ya rage mana shi ne aikin jaji. Roƙonmu ga limamai da sarakunan zango da magajiyoyi da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAG shi ne, duk macen da aka laƙƙana wa shahada ranar ɗaurin aure, a rubuta sunanta, a ba ta malama mace tun makon farko, a kuma tambayi mijin bayan shekara abin da matarsa ta koya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun uwa ne ke fara taɓa shi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu mata, waɗanda suka gaji addini da waɗanda suka shigo shi da ƙafarsu. Allah Ya raya marayun nan a kan Musulunci, Ya ba mahaifiyarsu haƙuri da sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.